Yadda Za Ka Auna Lambar Planck Da Ƙananan Ƙwayayen Fitila Da Tsohon Faifan CD

Malaman Fiziks na sakandare da ɗaliban ajin farko na jami'a sun sha tambayata abu guda: akwai wani gwaji na ɓangaren kwantum, wato ilimin halayen ƙananan abubuwa irin su ƙwayar haske, da mutum zai yi da hannunsa ba tare da ɗakin gwaji mai tsadar kaya ba? Lilo, awon nauyi da madubi kowa ya taɓa su a aji. Amma da zarar an zo kan ƙwayar haske, sai a koma allo da alli, a rubuta h = 6.626 × 10⁻³⁴ J·s a ce a haddace. Wannan yana damuna, domin lambar nan da Max Planck ya fito da ita a 1900 ana iya auno ta a kan teburin cin abinci, da kayan da ke zube a shagon mai gyaran rediyo. Ba za ka same ta cif-cif ba, amma idan ka bi matakan nan a jere za ka zo kusa da ita.

Ƙa'idoji uku kawai za ka riƙe. Ta farko: haske ba ya zuba kamar ruwan famfo, ƙwaya-ƙwaya yake fita kamar gero, kuma ƙarfin kowace ƙwaya shi ne E = hf, inda f yake nufin yawan kaɗawar hasken a sakan guda. Ta biyu: a cikin ƙwan LED, wato ƙaramin ƙwan fitila irin na tocila da rimot, kowane ilektaron (ƙanƙanin abin da ke ɗauke da wutar lantarki) da ya tsallaka yana sakin ƙarfin da ya yi kusa da eV, wato cajinsa e a ninka da boltejin da ke kan ƙwan. Ta uku: f = c/λ, inda c shi ne gudun haske, λ kuma tsawon zangonsa, irin zangon da ake ambata a tashoshin rediyo, sai dai na haske gajere ne ƙwarai, da nanomita ake ƙirga shi. Saboda haka aikinka awo biyu ne ga kowane launi: tsawon zango, da boltejin da ƙwan yake fara wuce wuta. Sauran duk lissafi ne.

1. Haɗa kayan aiki

Abin da za ka nema:

- Ƙananan ƙwayayen LED masu ƙafa biyu, na milimita 5: ja, rawaya, kore da shuɗi, kowanne biyu ko uku.
- Ƙwan da ke goshin rimot ɗin talabijin da ya mutu. Haskensa ido ba ya gani.
- Rezista, wato ɗan abin da ke rage kwararar wuta, mai om 1,000, guda huɗu ko biyar. Zobbanta su ne ruwan ƙasa, baƙi, ja, sai ruwan gwal a ƙarshe.
- Batir mai bolt 9, irin mai kusurwa huɗun nan, tare da hularsa mai wayoyi biyu.
- Mitar awon wuta mai nuna lambobi a fuska.
- Ƙaramin allon haɗa wayoyi mai ramuka, ko wayoyi masu bakin kada.
- Faifan CD irin wanda ake kwafar waƙa ko karatu a kai, almakashi, salatef, tef ɗin tela, kwali, takardar giraf, rula da kalkuleta.

Mitar ce kaɗai abu mai ɗan tsada a cikinsu, kuma ba dole ne ka saya ba: duk mai gyaran waya ko mai haɗa sola yana da ita, aron yamma ɗaya ya isa. Ƙwayaye da rezistoci da araha ake sayar da su a layin masu kayan rediyo, irin na kasuwar Sabon Gari a Kano. Ka tafi da batir da rezista ɗaya ka gwada kowane ƙwai a gaban mai shago.

Gargaɗi kan zaɓen ƙwai, domin nan mutane da dama suke ɓata gwajin tun kafin su fara. Kada ka ɗauki fari: farin LED shuɗi ne da aka shafa wa wani sinadari mai mayar da wani sashe na hasken rawaya, ba shi da zango guda. Haka ma ruwan hoda. Kada ka ɗauki mai ƙyaftawa ko mai sauya launi da kansa, akwai ƙaramar na'ura a cikinsa da za ta gurɓata awon. Kada ka yanko daga igiyar fitilun ado ta bolt 12, an riga an haɗa musu rezistoci. A kore kuma iri biyu ne: tsohon yayi mai dishi-dishi da ya karkata zuwa rawaya, da sabon yayi mai kaifin haske, kore shar. Sabon za ka nema. Tsohon an yi shi da wani sinadari daban, kuma yakan fita daga layi idan an zo zanen giraf. Idan da zaɓi, ɗauki masu garai-garai ɗin kwanso, waɗanda sai an kunna ake sanin launinsu.

2. Gwada mitar da rezistocin

Sa baƙar wayar mita a ramin da aka rubuta COM, ja kuma a ramin da ke da alamar V da Ω. Murɗa zuwa awon om, kan 2000 ko 2k, ka auna kowace rezista ita kaɗai. Zoben gwal yana nufin za ta iya kaucewa da kashi 5 cikin 100, saboda haka kada ka yi mamakin ganin 980 ko 1,030. Rubuta abin da ka gani a guntun salatef ka manna a ƙafarta. Da waɗannan lambobin za ka yi lissafi, ba da 1,000 ba.

Kada ka matse bakunan wayoyin biyu da yatsunka yayin awo, jikinka zai shiga cikin lissafin. Ajiye rezistar a kan takarda ka dafa mata bakunan.

Daga nan murɗa zuwa bolt na batir, wato V mai miƙaƙƙen layi a gefe, kan lamba 20, ka auna batirin. Sabo yakan nuna 9 da ɗoriya. Idan ƙaramin hoton batir ya bayyana a fuskar mitar, batirin cikinta ne ya yi sanyi, ka sauya shi kafin komai. Ƙananan mitocin nan idan batirinsu ya raunana sukan ƙara wa lamba, kuma ba za ka lura ba sai lissafi ya ƙi fita.

Gargaɗi: kada ka taɓa ɗora wayoyin a kan batir alhali mitar tana kan awon amfiya. Fiyus ɗin cikinta zai ƙone nan take. A wannan gwajin ba ma za ka buƙaci ɓangaren amfiya ba ko sau ɗaya.

3. Shirya faifan CD

A jikin faifan akwai siraran layuka da suka kewaye shi, tazarar da ke tsakaninsu a ƙa'ida nanomita 1,600 ce. Su ne suke rarraba haske zuwa launuka. Kana son guntun da za ka iya hange ta cikinsa.

Yanko yanki mai faɗin yatsa biyu daga bakin faifan na waje, inda layukan suka fi kusa da miƙewa. Idan robar tana tsagewa, tsoma faifan a ruwan ɗumi na ɗan lokaci kafin ka yanka. Manna salatef a gefen da ake rubutu, danna sosai, ka fizge. Fatar azurfar za ta biyo salatef ɗin, ta bar maka roba garai-garai mai ɗan shuɗi ko kore. Kada ka goge gefen da ka ɓare da tsumma ko yatsa, a nan layukan suke. Riƙe shi ta gefuna.

Faifan kamfani da aka buga da inji fatarsa ba ta ɓaruwa da sauƙi, shi ya sa na ce na kwafa. DVD kuma ba zai yi ba a wannan tsarin: tazararsa nanomita 740 ce, jan haske zai karkace har wajen digiri 58, ya fita daga inda za ka iya aunawa cikin natsuwa.

4. Haɗa da'irar wutar

Jar wayar batir ta shiga ƙafa ɗaya ta rezista. Ɗaya ƙafar rezistar ta haɗu da doguwar ƙafar ƙwan. Gajeriyar ƙafar ƙwan ta koma baƙar wayar batir. Shi ke nan. Idan ƙwan na cirowa ne kuma an datse ƙafafunsa, duba gindinsa: gefen da aka shafe ya zama a miƙe shi ne na baƙar waya.

Gargaɗi: kada ƙwai ya taɓa batirin bolt 9 kai tsaye ba rezista a tsakani, ko na ƙiftawar ido. Zai yi wal ya mutu, wani lokaci ma ya tsira da rai amma halinsa ya canza, wanda ya fi muni, don za ka ci gaba da auna abin da ya lalace. Haka kuma ka tabbatar da ƙafafun kafin ka haɗa, musamman shuɗi da kore, ba sa jure wutar da ta zo musu ta baya. Wutar gida kuwa ba ta da gurbi a wannan aiki ko kaɗan.

Wasu sukan so su yi amfani da abin cajin waya na tafi-da-gidanka maimakon batir. Yana bayar da bolt 5, zai kunna ƙwan, amma yawancinsu sukan kashe kansu idan wutar da ake ja ta yi ƙanƙanta, sai su bar ka a tsakiyar awo. Batir ya fi kwanciyar hankali.

Ƙwan rimot ba za ka ga haskensa ba. Buɗe kyamarar waya ka nuna masa, zai bayyana da ɗan haske ruwan hoda ko shunayya. Idan kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba.

5. Auna tsawon zangon kowane launi

Wannan matakin da dare ake yinsa, ko a ɗakin da aka rufe tagoginsa, kuma mutum biyu ake so.

Jera rezista uku ɗaya bayan ɗaya, om 3,000 ke nan, don hasken ya yi laushi. Miƙe tef ɗin tela a kwance a bakin tebur ko jikin bango, ka manne shi. Sa ƙwan a kan alamar santimita 50, yana fuskantarka. Tsaga siririyar ƙofa a tsaye a jikin guntun kwali, faɗinta kamar milimita 1 zuwa 2, ka sa a gaban ƙwan don hasken ya zama siririn layi maimakon dunƙule.

Yanzu ka kafa guntun faifan a nisan santimita 50 daidai daga tef ɗin, saitin ƙwan. Kafa shi za ka yi, a tsagar kwali ko a matse tsakanin littattafai biyu, ba a hannu ba, domin hannu yana gaba yana baya. Juya shi yadda bakin faifan na waje zai kasance a hagu ko a dama, ba sama ko ƙasa ba. Kai idonka dab da shi ka dubi ƙwan. Za ka ga ƙwan a tsakiya, sannan hotonsa guda a dama, guda a hagu. Idan sama da ƙasa suka fito, juya guntun kwata.

Abokin aikinka ya riƙa tura bakin fensir a kan tef ɗin har ka ce masa ya tsaya, a daidai inda hoton ya fi haske. Ku karanta nisan daga ƙwan. Ku yi na dama, ku yi na hagu, ku haɗa ku raba biyu. Wannan shi ne x. Yin ɓangarorin biyu ba ƙawa ba ce: idan guntun faifan ya ɗan karkace, ɗaya zai ƙaru ɗaya ya ragu, matsakaicinsu ya gyara kuskuren.

Lissafin shi ne λ = d × x ÷ √(x² + D²), inda d ita ce tazarar layukan faifan, D kuma nisan faifan daga tef. A ce ja ya ba ka x = 21.4. To 21.4² = 458, a haɗa da 2,500 ya zama 2,958, tushensa 54.4. Raba 21.4 da 54.4 ka sami 0.393, ninka da 1,600 ka sami nanomita 630. Da wannan tsarin, rawaya mai 590 zai faɗo wajen santimita 19.8, kore mai 525 wajen 17.4, shuɗi mai 470 wajen 15.4. Idan naka sun yi nisa da waɗannan, sake duba D.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne raba x da D kai tsaye, a manta da tushen. Wannan yana aiki ne kawai idan kusurwar ƙarama ce. A nan ta haura digiri 20, kuma gajeriyar hanyar za ta mayar maka da 630 zuwa 685. Ka kuma sani cewa kuskuren rabin santimita a x yana jawo kusan nanomita 12 a zangon, don haka ku maimaita kowane awo, ku yi musayar wuri da abokin aikin.

Akwai wani gyara da ya cancanci wahalarsa. Faya-fayan da ke ɗaukar megabait 700 sukan matse layukansu zuwa wajen nanomita 1,500, kuma wannan kaɗai zai karkatar da amsarka ta ƙarshe da kashi 6 zuwa 7 cikin 100. Idan kana da doguwar fitilar nan ta kwalba ko mai murɗaɗɗen ƙwai, rufe ta da kwali mai tsaga ka dube ta ta cikin faifan a tsari ɗaya. Za ka ga layuka masu launi a rarrabe. Koren da ya fi haske zangonsa nanomita 546 ne, daga sinadarin makuri da ke ciki. Auna x ɗinsa, ka juya lissafin: d = 546 × √(x² + D²) ÷ x. Abin da ya fito shi ne ainihin tazarar faifanka, da ita za ka yi aiki.

Ƙwan rimot ba ya aunuwa da ido. Mafi yawansu nanomita 940 ne, ka ɗauki wannan.

Gargaɗi: kada ka ƙura wa shuɗin ƙwai ido yana kan cikakken haskensa, kuma kada ka gwada wannan hangen da tocilan mai jan ɗigo ko koren ɗigo na leza. Hasken leza ba a kallonsa kai tsaye ta cikin komai.

6. Auna bolteji da kwararar wuta

A littattafai da yawa za ka ga an ce a riƙa ƙara wuta a hankali har ido ya ga ƙwan ya fara haske, a rubuta boltejin. Ban yarda da wannan hanyar ba. Ido ya fi jin kore nesa ba kusa ba a kan ja da shuɗi, sannan wanda ya daɗe a duhu yana ganin abin da wanda ya shigo yanzu ba ya gani. Idonka za ka auna, ba ƙwan ba. Hanyar da ta fi ita ce a auna a wurare huɗu, a bar layi ya nuna mafarin.

Da rezistocinka za ka haɗa matakai huɗu: biyu gefe da gefe, om 500; ɗaya ita kaɗai, 1,000; ɗaya a jere da biyun da ke gefe da gefe, 1,500; biyu a jere, 2,000. Auna kowane haɗi da mita kafin ka sa shi a da'ira. A kowane mataki, mitar tana kan bolt 20, ka yi awo biyu: boltejin da ke kan rezistocin, da boltejin da ke kan ƙafafun ƙwan. Dokar Ohm ce za ta ba ka kwararar wutar: raba boltejin rezista da om ɗinta, ka ninka da 1,000, ka samu a miliamfiya.

Ga misalin yadda shafinka zai kasance ga jan ƙwai. Lambobin na nuna hanya ne, naka za su bambanta:

- om 500: kan rezista 7.00, kwarara 14.0 mA, kan ƙwai 1.96
- om 1,000: kan rezista 7.10, kwarara 7.1 mA, kan ƙwai 1.88
- om 1,500: kan rezista 7.15, kwarara 4.8 mA, kan ƙwai 1.86
- om 2,000: kan rezista 7.20, kwarara 3.6 mA, kan ƙwai 1.84

Kada ka ce ai batirin bolt 9 ne, sai ka cire na ƙwai ka samu na rezista. Ƙaramin batirin nan yana sauka idan an ja shi, yana kuma raguwa yayin da ake aiki. Auna duka biyun kowane lokaci. Idan ka haɗa su ka ga jimlar ta faɗi ƙasa da 8, nemi sabo.

Zafi ma yana da tasiri. Boltejin LED yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri guda da ya ƙaru. Wanda ya auna ja da azahar a watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano, ya bar shuɗi sai da asuba, ya shigar da bambancin da ba na launi ba. Yi dukkan ƙwayayen a zama ɗaya. Haɗa wutar, karanta cikin sakan kaɗan, cire, domin ƙwan da kansa yana ɗumama idan ya daɗe a kunne. Kada kuma ka riƙe shi da yatsa.

Sa bakunan mitar a ƙafafun ƙwan kansu, ba a can ƙarshen dogayen wayoyi ba. Idan lamba tana rawa, haɗin ne bai kama ba. Kankare ƙafafun da reza idan sun yi tsatsa.

7. Fitar da boltejin farawa

Kowane ƙwai da ƙaramin giraf ɗinsa. Kwarara a layin kwance, daga sifiri zuwa 15. Boltejin ƙwai a layin tsaye. Kada ka fara layin tsaye daga sifiri, ɗigoginka za su cunkushe wuri guda. Ga ja fara daga 1.70 zuwa 2.00. Sa ɗigogi huɗun, ɗora rula ta ratsa tsakiyarsu, ka ja layin baya har ya taɓa inda kwarara take sifiri. Lambar wurin ita ce boltejin farawa, V₀.

A misalin sama, bolteji ya ƙaru da 0.12 yayin da kwarara ta ƙaru da 10.4, wato 0.0115 ga kowace miliamfiya. Ninka da 3.6 ka sami 0.04, cire daga 1.84, saura 1.80. Abin da ka yi shi ne cire boltejin da ke ɓacewa a jikin ƙwan saboda turjiyarsa, wanda ba ya zama haske. Shuɗi da kore turjiyarsu ta fi yawa, layinsu zai fi miƙewa sama. Wanda ya tsallake wannan matakin ya ɗauki bolteji a kwarara guda kawai, shuɗinsa zai yi sama fiye da kima, h ɗinsa ta kumbura.

8. Mayar da zango zuwa yawan kaɗawa

Raba gudun haske, wato 3.00 × 10⁸, da zangon, bayan ka mayar da nanomita zuwa mita ta hanyar ninkawa da 10⁻⁹. Ga 630: 3.00 × 10⁸ ÷ (630 × 10⁻⁹) = 4.76 × 10¹⁴. Haka 940 zai ba da 3.19, 590 ya ba da 5.08, 525 ya ba da 5.71, 470 ya ba da 6.38, duk a ninka da 10¹⁴.

Gargaɗi kan kalkuleta: maɓallin EXP da kansa yana nufin "a ninka da 10 mai ƙarfin kaza". Danna 3, EXP, 8. Idan ka danna 3 × 10 sannan EXP 8, ka ninka amsarka sau goma. Sa baka a kewaye da abin da kake rabawa da shi. Duk amsar da ta fita daga tsakanin 3 da 8 × 10¹⁴ a wannan gwajin, kuskuren dannawa ce.

9. Babban giraf da gangararsa

Layin kwance: yawan kaɗawa, daga 3.0 zuwa 6.5, ka rubuta a ƙasa cewa kowace lamba a ninka ta da 10¹⁴. Layin tsaye: V₀, daga 1.0 zuwa 2.8. Zanen ya cinye fiye da rabin takardar. A ce ka sami 1.10 ga na rimot, 1.80 ja, 1.90 rawaya, 2.30 kore, 2.50 shuɗi. Ja miƙaƙƙen layi ɗaya yadda ɗigogin sama da na ƙasa za su yi kusan daidai. Ba haɗa ɗigo da ɗigo ake yi ba.

Kada ka tilasta wa layin ya bi ta sifiri. Ba zai bi ba, kuma bai kamata ya bi ba. Boltejin farawa yakan gaza ƙarfin ƙwayar hasken da ɗan wani abu, domin zafin da ke jikin ƙwan yana taimaka wa ilektaron tsallakawa. Ja mai 630 ƙwayar haskensa tana ɗauke da abin da ya yi daidai da bolt 1.97, amma ga shi ka sami 1.80. Idan giɓin nan ya yi kusan ɗaya a dukkan ƙwayayen, layin zai sauka ƙasa gaba ɗayansa amma gangararsa ba za ta canza ba. Dalilin da ya sa ake wahalar launuka biyar ke nan maimakon a lissafa da ƙwai guda.

Zaɓi wurare biyu a kan layin kansa, masu nisa da juna, ba ɗigogin awonka ba. A misalinmu layin yana kan 1.01 a 3.0, yana kan 2.58 a 6.5. Bambancin tsaye 1.57, na kwance 3.5 × 10¹⁴. Raba: 0.449 × 10⁻¹⁴, wato 4.49 × 10⁻¹⁵. Tunda eV ya yi kusa da hf, wannan gangarar ita ce h ÷ e. Ninka da cajin ilektaron, 1.602 × 10⁻¹⁹, ka sami h = 7.19 × 10⁻³⁴ J·s.

Kwatanta da 6.63 × 10⁻³⁴: bambancin 0.56 ne, a raba da 6.63, kashi 8 cikin 100 da ɗan ɗori. Da batir, faifai da tef ɗin tela, wannan sakamako ne mai kyau, kuma ɗalibin da ya kawo shi da shafin awonsa cikakke ya fi mini wanda ya kawo 6.63 daidai, domin na biyun sai na tambaye shi wace lamba ya gyara.

Don ka san iyakar amincin amsarka, ja ƙarin layuka biyu da fensir mara kauri: mafi miƙewa da mafi kwanciya da har yanzu za a iya cewa sun bi ɗigogin. Fitar da h daga kowanne. Rabin tazarar da ke tsakaninsu ita ce za ka rubuta a gefen amsar da alamar ±.

10. Idan amsar ta kauce

Fara da girman kaucewar, shi zai nuna maka inda za ka duba. Idan amsar ta ninka ko ta ragu sau goma, sau ɗari ko sau dubu, awonka lafiya lau, matsalar tana cikin ƙarfin 10: koma mataki na 8, ka kuma duba ko ka manta da 10¹⁴ na ƙasan giraf.

Idan ta haura da kashi 20 zuwa 30, zargi shuɗi da kore. Ƙara musu mataki na om 3,000, ka sake jan layinsu, ka kuma gwada wani ƙwan mai launi ɗaya, domin ƙwayaye biyu daga leda guda sukan bambanta. Idan ba ka gyara tazarar faifan da fitilar kwalba ba, yi yanzu.

Idan ɗigo ɗaya ne ya yi nisa da layi, kuma kore ne da ya faɗo ƙasa kusa da rawaya, tsohon yayi aka ba ka. Duba zangonsa: idan ya kai wajen 565 zuwa 570, shi ne. Kana iya cire shi daga layin, amma ka bar shi a kan takardar, ka kewaye shi, ka rubuta dalilin cirewar a gefe. Ɗigon da ba ka da dalilin cire shi yana nan a lissafi ko da ya ɓata maka amsa.

Idan ɗigogin sun watse ba tsari, yawanci haɗin wayoyi ne ko batirin mita. Sake matse komai, ko ka sa mai gyara ya like maka ƙafafun da dalma, ka bar ƙwan ya huce sarai kafin ka sake awo.

Malamin da zai yi wannan da aji ya raba ɗalibai rukuni biyar, kowane rukuni da launinsa, amma mita ɗaya ta zagaya kowa, kuma guntun faifai ɗaya. Mitoci biyu sukan saɓa da 0.02 ko 0.03, kuma a girafin da duk tsayinsa bai kai bolt biyu ba, wannan ya isa ya karkatar da layin. A rubuta sakamakon rukunonin a allo, sannan kowane ɗalibi ya zana babban giraf ɗin da hannunsa ya fitar da tasa gangarar.